Lilon Sama a Bakin Iyaka

Jibiya,
9 ga Oktoba, 1977.

Zuwa ga maiɗakina Rabi'a,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Safiyatu da Barira da Goggo Hajo. Yaya ƙafar Goggo? Yaya mutanen Azare, yaya aikin kaka? Ni ma lafiya ƙalau, sai dai gajiya, ita kuwa ta daɗe da zama 'yar gida.

Wasiƙarki ta same ni jiya, akawun Alhaji Lawwali ne ya zo mini da ita daga Kano. Na karanta ta sau huɗu. Na ga inda kika ce Yaya Uwaisu ya ce in Babbar Sallah ta wuce ban cika alkawarin nan ba, zai zo da mota ya kwashe ku zuwa Misau, ke kuma ba za ki ce masa a'a ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na tashi na yi ta zagaya motoci kamar wanda ya yar da abu. Amma da na zauna sai na ga babu ƙarya a maganarku. Na ce zan zo sunan Barira, ban zo ba. Na ce zan kai ku Ikko ku zauna tare da ni, ban kai ku ba. Shekara huɗu ke nan kina riƙe da gida da keken ɗinkinki. Wannan shi ne alkawari na uku, na kuma san shi ne na ƙarshe.

To ga inda muke. Kin san Alhaji ya sayo kayan filin wasa daga Turai, irin wanda ba a taɓa gani a Arewa ba, zai kafa a Kano a buɗe ranar Sallah. Da yake jiragen ruwa sun yi cincirindo a Ikko, wani sai ya yi wata shida bai sauke ba, sai ya sauke kayansa a Kwatano, muka biyo da su ta ƙasar Nijar. Mota bakwai, kwana talatin da ɗaya. Akwai dawakan katako masu zagayawa, akwai 'yan motoci masu karo da juna, sannan akwai babban, wanda muke ce wa lilon sama. Kamar ƙafar keke yake, amma in an tsayar da shi ya fi rimin ƙofar gidan Sarkin Fawa tsawo. Kujeru sha shida ne rataye a jikinsa, kowacce mutum huɗu. Ni kaɗai na ga yadda Baturen da ya sayar da shi ya kwance shi, don haka ni kaɗai zan iya haɗa shi. Shi ya sa na yi miki alkawarin nan, cewa ku ne za ku fara hawa kafin kowa a Kano, har 'ya'yan Alhaji.

Yau kwananmu shida a bakin iyaka. Akawun nan ne ya manta bai sa lambar injin wuta a takarda ba, kuma ba a gyara irin wannan sai a Ikko. Ma'aikatan kwastan ba su da laifi, da ni ne a kujerarsu haka zan yi. Shi kuwa wanda ya yi kuskuren ya koma Kano yana kwana a kan katifa, mu muna kwana ƙarƙashin mota. Haka abin yake tun da aka fara zancen kuɗin mai. Waɗanda na bari a reluwe, tun da suka karɓi ƙarin albashin Udoji kowa ya sayi babur, ni har yau spana da guduma ne dukiyata.

Ban da wannan babu wani labari, sai dai a hanyar Doso sarƙa ta tsinke, shaf ɗin lilon, wato sandar ƙarfen da komai ke juyawa a kanta, ya faɗo daga mota. Mun ɗaga shi, ban ga komai a jikinsa ba.

Akwai sauran sati shida. Kwana goma sun ishe ni haɗawa. Ki gaya wa Safiyatu ta shirya.

Ki gaida Goggo, ki gaida Yaya Uwaisu, da gaske nake.

Naki,
Manu.

Jibiya,
30 ga Oktoba, 1977.

Rabi'a,

Ina gaishe ki, ina gaida yara da Goggo. Ina fatan zazzaɓin Barira ya sauka.

Har yau muna nan. Takarda ba ta dawo ba. Na san kowace mota da ke wucewa ta hanyar nan, na san direban da ke kawo wake daga Maraɗi da wanda ke komawa da kananzir. Da safe in tafi kasuwa in dawo ban sayi komai ba. In zauna, in tashi. Direbobinmu sun ce in na ci gaba da zagaya motocin nan zan haƙa musu rami.

Amma an sami canji, shi ya sa nake rubuto miki da sauri. Ranar Laraba Alhaji ya zo da kansa cikin Marsandi. Ya ga Kano ba za ta yiwu kafin Sallah ba, sai ya nemi izini a sauke kayan a nan, a kafa su a gaban idon ma'aikata, kada dai su wuce Jibiya. An yarda. Ya ce mutanen Katsina da na Maraɗi ma suna da kuɗi, su ma suna Sallah. Mutumin nan bai taɓa riƙe spana ba, amma ba ya kwana da asara, wannan kam na ba shi.

Saboda haka ba Kano za ku je ba, nan za ku zo. Ku hau motar Kano, ku kwana a Fagge wajen 'yar Goggo, da safe ku kama ta Katsina, daga can ta Jibiya. Ba sai kun tambayi kowa ba, tun daga nesa za ku hango shi. Ga kuɗin mota cikin ambulan.

Gonar wani mutumin Mazanya muka samu a bakin hanya, Shawulu sunansa, Kirista ne. Ya gama yankan gero, muka share kara muka fara aiki. Shi da 'yan'uwansa su ne leburorina, ba su taɓa ganin irin wannan abu ba amma ba a gaya musu magana sau biyu. Ubansa, tsoho Zaki, wanda har yau yake kan al'adarsu ta dā, kullum yana zuwa da 'yar kujerarsa ya zauna yana kallonmu. Jiya ya tambaye ni, in mutum ya kai can sama, mi zai ɗauko? Na ce ba komai, Baba, saukowa zai yi. Ya ce to shi a nan ma ya riga ya sauko, bai biya ko kwabo ba.

Akwai abu ɗaya. Kin tuna na taɓa gaya miki yadda muke yi a reluwe, mu bi ƙafafun jirgi muna ƙwanƙwasawa da guduma? Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ya daɗe yana amsawa. Mai ciwo kuwa gajeren sauti gare shi. Kafin mu ɗora shaf ɗin na ƙwanƙwasa shi, sai na ji wani gefe bai amsa yadda nake so ba. Wataƙila kunnena ne, wata guda ina kwana kusa da injin mota. Kada ki sa shi a ranki. Ku dai taho.

Ki ɗinka wa Safiyatu kayan da ba za su tashi da iska ba, can sama akwai iska.

Mijinki,
Manu.

Jibiya,
27 ga Nuwamba, 1977.

Zuwa ga Rabi'a,

Ina gaishe ki. Ina fatan kun isa lafiya, ina fatan hanya ba ta tayar wa Goggo da ƙafa ba. Ban san ko a Azare wasiƙar nan za ta same ki ko a Misau ba. Azare na rubuta a bayanta.

Kin tafi ban ce miki komai ba a tasha, na tsaya kamar turke. Haka nake, kin sani, bakina ba ya aiki sai hannuna. To yanzu ki bari in faɗa, in kin gama ki yi abin da kika ga dama.

Kwana uku kafin ku iso, sautin nan ya hana ni sukuni, sai na hau na yi masa gwajin reluwe. Ana wanke ƙarfen, a shafa masa kananzir, a goge tas, a shafe shi da alli, a bar shi ya kwana. In akwai tsaga, ko ido ba ya ganinta, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai fito ya zana ta a jikin allin. Da safe na hau. Ga ta nan, siririya kamar gashi, daidai inda ya bugu a hanyar Doso. Na zare zare daga bakin rigata na auna ta, na yanke, na sa a aljihu.

A ranar ya kamata in gaya wa Alhaji a fasa. Ban yi ba, kuna hanya. Na ce wa kaina wata tsagar takan tsaya inda take har shekara goma. Na ce bari in gwada shi da nauyi tukuna. Da kuka iso kuma na ga Safiyatu ta yi tsawo har kafaɗarki, ta ɗaga kai tana kallon lilon bakinta a buɗe, Barira kuma ta ɓuya bayan zanenki tana tambaya wane ne wannan, sai na kasa. Laifina na farko ke nan, ban ɗora wa kowa ba.

Abin da kika gani ranar jajibere, kika yi dariya, ba wasa ba ne. Ba na ɗora mutum a kan abin da ban ɗora wa kaya ba. Buhunan yashi ake sawa, mu kuwa ba mu da buhu, sai Shawulu ya ce ga dammunan gero ba a kai rumbu ba tukuna. Ki tuna mutanen nan shekara huɗu da suka wuce fari ya sa sun ci abin da ba a ci. Amma gida biyar suka ba mu aron geronsu, dami takwas a kowace kujera. Kin ji tsoho Zaki da ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin gero ya riga mutane yawon Sallah ba. Lilo ya juya sau ashirin, lami lafiya, jama'a suka yi ta tafi. Ke ma kin dube ni a lokacin, irin duban da na manta da shi. Na gode da wannan.

Da yamma na sake shafa kananzir da alli. Ranar Sallah da sassafe, kafin a tafi idi, na hau na auna da sabon zare. Na fito da na farko na jera su. Rabi'a, ta ƙaru. Juyi ashirin kawai, ta ƙaru da faɗin farcen babban yatsa.

A idi ban san abin da liman ya faɗa ba. Ina ta lissafi a raina. Na ce ku uku ne, ba ku kai nauyin kujera ɗaya ta gero ba, in ɗora ku ku kaɗai, juyi ɗaya, in sauke ku, in ce injin ya lalace. Kusan na tabbata ba abin da zai faru. Wallahi har na yanke shawarar haka. Sai da muka dawo na ga layi tun daga gonar har bakin kwalta, Safiyatu a gaba da sabon ɗinkinki, bayanta 'ya'yan Shawulu, bayansu 'ya'yan mutanen da ban sani ba, wasu tun daga Maraɗi. In na ɗora nawa suka sauko lafiya, da wane baki zan hana na wasu? Alhaji zai sa direba ya ja sandar kunna lilon, abin ba wuya. Juyi ɗari, juyi ɗari biyu, mutum sittin da huɗu a sama. Ban san a juyi na nawa zai karye ba. Wataƙila ba ranar ba, wataƙila sai wata mai zuwa. Abin da na sani shi ne zai karye.

Shi ya sa kika ga na cire bel ɗin injin, wato robar da ke juya lilon, na rataya a wuya.

Ba ki ji abin da Alhaji ya ce mini a bayan mota ba. Na nuna masa zaren, ya ce, “Manu, zaren riga za ka nuna mini? Gero ya hau bai faɗo ba, kai ka fi gero sani?” Ya lallashe ni, ya ce zai saya mini babur. Daga baya ya ce in ba shi bel ɗinsa in nemi wani aikin. Na ce bel nasa ne, ban musa ba, amma zan kai shi ofishin kwastan inda sauran takardun kayan suke, in faɗi dalili a gaban shaidu, ya je can ya karɓa da hannunsa. Haka na yi. Har yau bai je ba. Ba mugu ba ne, Rabi'a. Dukiya ya zuba, ya tara jama'ar gari biyu, sai wani makaniki mai yagaggen wando ya ce a'a. Ni ma da zan so in shaƙe ni.

Sauran kin gani. Kin ji mutumin nan mai rawani da ya ɗaga murya ya ce in tsoro nake ji in ba mata spana. Kin ga yadda aka yi ta nuna ku, ana ga iyalin mai lilo can. Barira ta hau dokin katako har sau biyar, ita kam ta yi Sallah. Safiyatu ta ƙi. Goggo ce ta gaya mini ta riga ta faɗa wa duk 'yan ajinsu ita ce za ta fara hawa lilon sama a ƙasar nan. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

Maganar da kika yi mini kuwa, cewa a Azare a ɗaki kike jin kunyarki, yau na kawo ki kasuwa, tana nan, kullum da ita nake tashi. Gaskiya ce.

Ga zaren nan biyu na naɗe a takarda. Ke maɗinkiya ce, kin san yadda yaga take a jikin zane, in ta fara tafiya. Ki jera su ki gani. Ban aiko don ki yafe shekara huɗu ba, zare bai isa wannan ba. Na aiko ne don kada ki zaci na kawo ku tun daga Azare ne in wulaƙanta ku.

Ina nan gidan Shawulu, sun ba ni zaure. Ba ni da aiki, amma ba zan iya barin garin ba tukuna, don bel ba wuyar samu gare shi ba a Katsina. Kullum ina zuwa in zauna kusa da tsoho Zaki muna gadin abin da ba namu ba. Tsuntsaye sun gano tsabar geron da ta zube a kujeru, su ke hawa yanzu.

Ki gaida yara. In Safiyatu ba ta amsa ba kada ki matsa mata.

Manu.

Jibiya,
14 ga Disamba, 1977.

Zuwa ga maiɗakina Rabi'a,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da yara da Goggo.

Saƙonki ya iso shekaranjiya. Tun kafin in buɗe na juya ambulan na ga hatimin gidan waya na Azare, na san ba ku tafi Misau ba. Na gane rubutun Safiyatu ne, hannunta ya fi nawa kyau. Layi uku ne, na haddace su. “Inna ta ce ta jera zaren ta gani. Ta ce ita ba lilo ta ce tana so ba tun farko. Ta ce ta gaya wa Kawu Uwaisu ya dakata zuwa ƙarshen wata.” A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, wanda na san ba ke kika sa ta ba, ta tambaya wai da gaske ne daga can sama ana hango wata ƙasa. Ki gaya mata da gaske ne. Na hau da tsani na gani. Gonakin gero ne irin namu, da rumbuna irin namu.

Na daɗe ina duban layi na biyu. Shekara huɗu ina neman babban abin da zan shigo da shi gida don kada a ce na dawo hannu sake, ban taɓa tambayarki abin da kike so ba.

Ga labarin nan. Makon jiya Alhaji ya ɗauko wani makaniki daga Maraɗi, dattijo, da niyyar ya tayar da lilon. Na zauna gefe ina kallo. Mutumin ya hau da gudumarsa, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya tsaya, ya sake. Ya sauko ya yi wata magana da Faransanci, sannan ya ce wa Alhaji a ba shi kuɗin motarsa ya koma, yana da jikoki. Alhaji bai dube ni ba. Washegari ya aiko akawu, wai a kwance lilon, za a yi odar sabon shaf daga Turai, wai kuma in na ga dama in bi kayan zuwa Kano in jira shi, wata biyar ko shida. Takardar Ikko ma ta iso, yanzu da ba mai sauri.

Na ce kwancewa zan kwance, don ba wanda zai iya, ba kuma zan bar shi tsaye a gonar mutane ba. Jira kuwa a nemi wani. Na rubuta musu yadda ake haɗawa dalla-dalla, shafi tara, har da gwajin alli.

Mun fara jiya. Yau kujeru duk sun sauka. Tsoho Zaki ya ce ashe dai maganarsa ce, kowa saukowa yake yi. Shawulu ya ba ni dami biyu in kawo miki, ya ce cikin waɗanda suka hau ne, a yi wa Safiyatu fura da shi, ko ba komai wani abu nata ya je sama. Ban san yadda zan yi da su a mota ba, amma ba a mayar da irin wannan.

Ba ni da babur, ba ni da aiki, akwatin spana ne kawai da gero. Na ji an ce ana gyaran injinan niƙa a Azare, za mu gani.

Ba zan ce miki ga ranar da zan zo ba. Na faɗi rana sau uku. Kada ki gaya wa yara komai, kada ki yi girki na musamman. Aikin da ya rage na kwana uku ne, motar Katsina kuma tana tashi ran Lahadi in kasuwa ta watse. In kin ji sallama a zaure, ki gaya wa Barira ko wane ne.

Naki,
Manu.